Shirun da Kaka Hassu Ta Bari a Kaset

Ni ban iya jin labari da bakina a rufe ba, kuma 'ya'yana sun gaji da yi mini dariya a kan haka. Tun da yanar ido ta fara rufe mini gani, karatu ya gagare ni, babban ɗana ya cika mini waya da littattafan da ake karantawa da murya, wasu ƙagaggun labarai, wasu na mutanen da suka zauna suka ba da tarihin rayuwarsu. Ina jin daɗinsu ƙwarai. Sai dai mai karatu yana tsakiyar karatunsa za ka ji na ce, "To, sai aka yi yaya?" ko kuma, "Wannan kam ƙarya kake yi." Wani lokaci in tsayar da shi, in gama faɗin abin da ke bakina, sannan in sake shi ya ci gaba. Duk wanda ya ga laifina ya je ya tuhumi Kaka Hassu, don ita ta saba mini.

Kaka Hassu ita ta haifi babana. Sana'arta bandar kifi, a gidanmu na Malanville, can gangaren da ke kallon kogi. Masunta daga Garou da tungayen bakin ruwa su ke kawo mata kifi. Ta feɗe, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke da tsinke, ta jera bisa ragar banda. Wutar banda hayaƙi ake so daga gare ta, in ta kama da harshe kifi ya ƙone, saboda haka dole wani ya zauna ya tsare ta. Wannan zaman ne ya zama rabonmu. Da an yi magariba an ci tuwo, sai mu kewaye murhun, mu 'yan gida da 'ya'yan maƙwabtanmu Dendawa, idanu na hawayen hayaƙi, amma ba mai tashi.

Kowa ya san yadda ake buɗe tatsuniya, amma Kaka tana da nata salon. Takan ce, "Ga ta nan bisa ruwa tana tahowa." Mu kuma mu amsa, "Ta iso gaɓa mu tarbe ta." In amshin ya fito da sanyin jiki, sai ta ci gaba da juya kifinta kamar ba ta san da mu ba.

"Ban jiya ba," in ji ta. "Da matattu nika magana?"

Ni ta fi sa wa ido, don sunan mahaifiyarta aka sa mini. Ba ta taɓa kiran sunan ba, sai dai "Uwata". In na yi gyangyaɗi ta ce uwar banza ke nan, mai barci ta bar ɗiyarta da aiki.

A zamanin mulkin soja ne, lokacin da kullum da safe a lakwal, wato makarantar boko, ake jera mu gaban tuta muna rera waƙoƙin juyin juya hali, wani baƙon Baba ya zo mana da abin da ya kusa raba mu da Kaka. Malam Sanda mutumin Kamba ne, mai sayar da atamfa. Duk makon kasuwa yakan ƙetaro gadar Gaya ya sauka a zaurenmu. Wannan karon ya zo da rikoda, wadda mu muke kira manyeto, da kaset-kaset da ya ɗauka daga rediyo, na wani mutum da ke karanta littafin labari babi bayan babi. Ba mu taɓa jin littafi yana magana da Hausa ba. Kafin ka ce me, zaure ya cika, murhun banda ya koma daga Kaka sai kyanwa.

Ba ta yi ƙorafi ba. Wata rana dai ta taho da sandarta, ta tsaya bakin zaure ta kasa kunne har mutumin ya kai ƙarshen babi.

"Muryatai da daɗi," ta ce. "Amma wanga mutum da wa shika magana? Tun ɗazu shina zuba, bai tsaya ko guda ya amsa mai ba. Ku ko kun yi zuru awa tumaki cikin inuwa."

Ta juya ta koma wajen kifinta. Muka yi dariya, amma washegari rabinmu mun koma gindin murhu.

A sanyin shekarar nan tarinta ya tsananta. Da ma tana tari, wa zai shekara da shekaru cikin hayaƙi ya rasa tari? Amma wannan daban ne. Muryarta ta fara dushewa, tana cikin waƙa sai ta yanke. Baba ya kai ta wurin likita, aka ce hayaƙi ya ci maƙogwaron, ta bar banda, ta rage magana, kuma duk da haka muryar ba lalle ta daɗe ba. Banda kam ta sakar wa mahaifiyata. Magana ce ta ƙi saki. Wani maraice ta ɗauko mana tatsuniyar 'yar mai jirgi, wadda muka fi so, ta kai tsakiya muryar ta ƙi fita. Ta buɗe baki, sai iska. Na tsorata ƙwarai ranar, na shiga ɗaki na yi kuka, don ban taɓa tunanin muryar Kaka abu ne da zai ƙare ba.

Da kasuwa ta kewayo Malam Sanda ya sauka, sai ta aika in kira shi. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta.

"Sanda, akwatin ga naka, hwaɗi kaɗai ya iya, ko shina ɗauka?"

"Shina ɗauka, Iya. Sai dai ban da kaset sabuwa. Kuma ana ta raɗe-raɗin za a ruhe iyaka ta wajenmu. In na tahi gobe, Allah kaɗai Ya san ranar da zan komo."

"To yau ke nan," ta ce.

Bawan Allah bai yi musu ba. Ya zaɓi ɗaya cikin kaset ɗin mai karatun, ya toshe ɗan ramin da ke gindinta da takarda don ta karɓi sabuwar murya, ya ce wancan mutumin yana da gidan rediyo guda a bayansa, Iya kuwa ba ta da kowa sai mu. Baba ya sayo sababbin pil, wato batura, aka zuba. Aka shimfiɗa wa Kaka tabarma nesa da hayaƙi, inda hasken wutar ke isa, aka ajiye mata ruwan ɗumi da zuma. Muka zauna muna gyara murya, kowa na ɗokin a ji shi a cikin akwati.

Sai ta kafa mana doka. Ba mai amsawa. Ko tari ba ta yarda wani ya yi ba.

"Kaka, tatsuniya ba amshi?" na ce.

"Uwata, in kun amsa ciki, wanda za ya ji ta gaba mi za shi yi? Ya zamna awa tunkiya? Ku naku kun sha. Wurin ga na wasu na."

Ƙanena Idi, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko a masallaci, aka ba shi kan tarwaɗa ya yi ta tsotsa.

Ga yadda tatsuniyar take. Wani masunci ne ya fita da jirginsa, hazo ya rufe kogi, ya rasa gabas ya rasa yamma. Mutanen gari suka fito gaɓa da ganguna da ƙwarya da ihu don ya ji ya nufo su. Suka yi ta kiɗa, suka yi ta ihu, har suka gaji suka ce kogi ya ci shi, kowa ya koma gida. 'Yarsa ƙarama ita kaɗai ta ƙi tafiya. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ta ce ba inda za ta. Sai ta rera kira, "Baba mai jirgi, ina kake?" Sannan ta yi shiru ta kasa kunne. Ba ta ji komai ba. Ta sake rerawa, ta sake yin shiru. Ashe tun farko uban yana amsawa, hayaniyar masu nemansa ce ta danne muryarsa. Can cikin wani shirun ta jiyo shi daga nesa, "Ga ni bisa ruwa, ƙara kira." Tana kira yana amsawa, yana tuƙi yana bin muryarta, har goshin jirgi ya taɓa yashi. A wurin murhu, Kaka ce 'yar, mu ne uban. Duk inda ta rera kiran, mu ke ba ta amsa.

Malam Sanda ya danna maɓallin ɗauka. Kaka ta ce, "Ga ta nan bisa ruwa tana tahowa," ta ɗora yatsa a leɓe tana hararar mu. Ina ganin leɓenta yana motsi, tana faɗin amshinmu a zuci don ta auna tsawonsa. Bakina har ƙaiƙayi yake yi. Ta ci gaba, muryar tana fita da kyau fiye da yadda muka zata. Ta kai wurin waƙa, ta rera kiran farko, ta yi shiru. Sai muka ji ƙas. Da ta buɗe baki za ta ci gaba, muka sake jin ƙas. Ta bari har aka yi haka a kira na gaba, sannan ta tsaya.

"Sanda, mi kaka taɓawa?"

"Iya, zaren kaset ɗin gajere na. Inda kinka yi shiru nika tsai da shi, kada ya tahi banza."

"Banza?" Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. "Shirun ga ba naka ba na, ba nawa ba na. Na mai amsawa na. Maida shi baya."

Baba ya matso. Ya ga yadda take haɗiye miyau da ƙyar. "Iya, abin da anka ɗauka ya yi. Ki bari haka nan, ko a ida gobe."

"Gobe Sanda na bisa gada," ta ce. "Muryata ko ban san inda za ta kwana ba. Maida shi baya."

Aka mayar. Ta kurɓi ruwan zuma ta faro daga farko. Wannan karon muryar ta riga ta gaji. Tari ya sarƙe ta a wurin masu ganguna, ta ɗaga hannu kada a tsayar, ta jira ya lafa ta ɗora. Kowane kira ya fi wanda ya gabace shi dushewa, amma ko shiru ɗaya ba ta gajarta ba. Ni da na san zaren yana ƙarewa, muryar ma tana ƙarewa, sai na ji kamar in roƙe ta ta yi sauri. Ta ƙi. Wajen ƙarshe sai raɗa take yi, Malam Sanda ya ɗauki manyeto da hannu biyu ya kai shi dab da bakinta. Ta kawo jirgin gaɓa, ta sauke masunci, ta rufe tatsuniyarta. Ba a jima ba zaren ya ƙare da kansa. Ta jingina da bango tana haki, ta yafito ni da hannu.

"Uwata, ke za ki riƙe ta," ta raɗa mini a kunne. "Kuma kada wanda ya kunna ta da rana. Tatsuniya ta, ba labarun rediyo ba."

An rufe iyakar kuwa, muka daɗe ba mu sake ganin Malam Sanda ba. Kafin damina muryar Kaka ta tafi, sai raɗa da nuni. Da Baba ya sayar da albasarsa ya sayo tsohon manyeto a kasuwa. Daga nan, in an yi magariba, sai a ajiye shi kusa da ita a tabarma, muryarta ta fito daga ciki ta kira, mu amsa. In amshin ya yi sanyi ta buga sandarta a ƙasa, dole a mayar baya a sake. Haka ta ci gaba da mulkinta a gindin murhu har Allah Ya karɓi abinSa.

Ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne naci, kada ka fasa kira don ba a amsa ba. Wannan yana ciki. Sai da na yi aure, na haifi 'ya'ya, na ga yadda nake cika su da faɗa ba na barin su su ce uffan, sannan na gane ɗaya rabin. Mutanen garin nan ma sun yi naci, ai har da ganguna. Abin da 'yar ta fi su da shi, tana kira tana barin wuri.

Kaset ɗin tana nan, ta tsufa, zarenta ya fara laushi. Bara na sa ɗana ya kai ni wurin wani mai shago ya juye mini ita a waya. Yaron kirki, ya saurara ya ce, "Hajiya, akwai wurare da yawa da ba komi ciki, bari in yanke miki su." Na ce in ya taɓa ko ɗaya sai mun kwana a wurin jandarma ni da shi. Ya juye ta yadda take.

Da hutu aka kawo mini jikata Safiya daga Kwatano. Can aka haife ta, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta, in na yi mata magana sai ta dubi uwarta. Na jira rana ta faɗi, na zaunar da ita kusa da ni, na kunna. Kaka ta ce ga ta nan bisa ruwa, shirun ya zo, ni na amsa. Yarinyar ta dubi wayar, ta dube ni. Aka kai wurin waƙa, na amsa kiran farko, na amsa na biyu. A na uku na kame bakina, na ɗora yatsa a leɓe yadda na ga an yi.

Muryar nan da ta dushe ta rera, "Baba mai jirgi, ina kake?" Sai shiru, ana jin shuu ɗin tsohon zaren a wayar. Safiya ta ja mini zane, na ƙi kallon ta. Shirun ya kusa ƙarewa ke nan ta matsa kusa da wayar, da Hausarta mai karkata, ta ce, "Ga ni bisa ruwa, ƙara kira."

Kaka Hassu kuwa ta ƙara.