Shekarar da Na Rasa Ƙundu

Na yi Kirsimeti a wurare da dama. Na yi a Akara, inda kiɗa ba ya yankewa a bakin teku. Na yi a Duwala cikin zafi, ana gumi ana gaisawa da Faransanci. Na yi a wani garin Turawa inda kowa ya kulle ƙofarsa, titi ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Amma ko'ina na je, idan aka kawo kaza, abu ɗaya nake fara dubawa: wa za a ba ƙundu. Turawan nan ba sa ma kawo shi kan tebur. A Duwala kuwa na ga maigida ya ture kwano don bai ga nasa a ciki ba, na ce a raina, ashe muna da dangi a nan.

A Makera na tashi, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere. Babanmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Bayan rasuwar kakanmu Dauda, Kaka ta baro ƙauyenmu da ke wajen Zonkwa ta zo ta zauna da mu. Ba ta taɓa yarda da risho ba, wai abinci na warin kananzir. Ta kafa murhunta na duwatsu a lungun tsakar gida, idan aka ci tuwon yamma garwashi ya rage, nan yaran gidan ke taruwa, mu da 'ya'yan Hajiya Larai maƙwabciyarmu. Hausar Kaka gauraye take da yarenmu, amma ban taɓa jin wani yaro ya ce bai gane ba.

Ni ne mijinta. Haka wasan yake tsakanin kaka da jikanta namiji, sai dai Kaka ta riƙe shi da gaske fiye da kowa. Maigida take ce mini. Wurin zamana a jikin ƙafarta ta dama yake, da bakin zanenta take rufe mini ƙafa in ana sanyi. Ranar Kirsimeti kuma, idan aka soya kaza, ita ke tsamo ƙundu ta sa mini a hannu a gaban kowa, har da Baba. Takan ce, "Ƙundu na maigida ne. Mai ƙorafi ya je ya nemi tasa matar."

A farkon shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, ina wajen shekara takwas, Mama ta haifi namiji. Aka sa masa Dauda. Mama ba ta iya kiran sunan surukinta, sai take ce masa Baba Ƙarami, gidan duka ya ɗauka. Ranar da Kaka ta fara karɓarsa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ka dawo ke nan? Da wannan goshin naka?" Na tsaya a bakin ƙofa ina jira a ce mini wani abu. Ba a ce ba.

Daga nan shekarar ta zama tasa. Da aka kai shi coci aka miƙa shi ga Allah, matan zumunta suka raka shi har gida da waƙa, ni ina biye da su riƙe da lema. Da ya iya zama aka kira maƙwabta. Da haƙoransa biyu suka fito, Kaka ta dafa wake ta raba ɗaki ɗaki. Ni a satin nan haƙorina ya fita, Mama ta ce in jefa shi kan rufi in je in ɗebo ruwa. A bakin murhu ma ba a kore ni daga wurina ba, amma shi a kan cinya yake, bakin zanen kuma ya koma kansa.

Baba ya lura. Wata yamma yana sauraron rediyo ana maganar jam'iyyu, sai ya dube ni ya ce, "Bulus, soja masu bindiga ma sun sauka. Kai ma ka miƙa mulki cikin mutunci."

Na ce, "Su ai zaɓe aka yi. Ni wa ya yi zaɓe?"

Baba ya yi dariya har ya ƙware. Ni ba wasa nake ba. Abu ɗaya ya rage mini, ƙundun Kirsimeti, kuma Disamba ta kama.

Ana saura 'yan kwanaki, na ƙi zuwa bakin murhu. Na zauna can kan turmi na juya baya. Kaka ba ta kira ni ba. Ta gyara itace, ta ɗan ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata tafe daga kan dutse, wa zai ba ta wuri?"

Yara suka ce, "Mun ba ta."

Ta ce a da can Wata shi kaɗai ne ɗa a wurin uwarsa. Ita ke masa wanka, ita ke shafa masa mai, shi ya sa yake sheƙi. Sai ta haifi Rana, yarinya mai kuka da zafin jiki, wadda ba a iya ajiye ta. Uwa ta koma goyo. Wata ya duba ya ga kowa Rana yake kallo, da ta fito ake tashi, da ta kwanta ake kwanciya. Sai ya ce shi ya bar gidan. Ya kama hanya, kullum yana ƙara nisa, yana ƙin abinci, yana ramewa, har ya zama kamar ɓawon farce, har ya ɓace. Uwar ba ta bi shi ba, don da goyo a bayanta. Abin da ta yi, kowace yamma ta ɗebi acca ta watsa a hanyar da ya bi, don in yunwa ta koro shi ya samu abin tsinta har gida. Accar nan ita ce taurari. Wata ya leƙo ta gefe, ya ga acca, ya tsinta, ya tsinta, ya yi ƙiba, ya iso gida da fuska cike. Da shigarsa ya tarar da Rana a bayan uwa. Sai ya sake juyawa.

"Har yau haka yake yi," in ji Kaka. "Ya yi fushi, ya rame, ya dawo."

Ɗiyar Hajiya ta ce, "Kaka, to yaushe zai daina?"

"Ni ma shi nake jira in tambaya. Ga shi can kan turmi."

Aka fashe da dariya. Ta rufe kamar yadda ta saba, "Nan ta faɗi, wanda ya tsinta tasa ce." Ban tsinta ba. Abin da na ji kawai shi ne uwar ba ta sauke goyon ba.

Ranar Kirsimeti muka dawo daga coci, ni da Dauda cikin riguna iri ɗaya, tasa kawai ake yabawa. Na kai wa Hajiya Larai kwanon shinkafa na dawo da gudu. Aka shimfiɗa tabarma, aka buɗe tukunyar kaza. Kaka ta sa hannu ta tsamo ƙundu, ta ɗaga shi yadda take yi kowace shekara. Har na gyara hannuna.

Ta ce, "Ƙundu na maigida ne," ta sa wa Dauda a hannu.

Na tashi na koma kan turmi. Ba wanda ya hana ni. Dauda yana tsaye dafe da gwiwar Kaka, yana ta fama da ƙundu da haƙoransa, ya kasa. Ya cire shi daga baki ya duba, ya waiwaya yana neman wanda ya saba buɗe masa abin da ya gagare shi. Sai ya saki gwiwar. Ya ɗaga ƙafa, ya yi tangal-tangal, ya sake ɗagawa, ya nufo ni hannu a miƙe. Bai taɓa tafiya ba sai ranar. Ya faɗo a jikina ya tura mini ƙundun a baki, jiƙe da yawu.

Mama ta rangaɗa guɗa. Hajiya Larai ta fito ba takalmi. Aka sure shi daga jikina ana juyi da shi, Baba na cewa Baba Ƙarami ya ba mu goron Kirsimeti. Ni aka bar ni kan turmi da abu a baki. Na tauna, don ƙundu ƙundu ne. Da na ɗaga ido, Kaka kaɗai ke kallona. Ta ɗaga mini gira.

Daga baya aiki ya yi ta yawo da ni ƙasa ƙasa. Dauda bai je ko'ina ba. Shi ya ji tatsuniyoyin da ban ji ba, shi ya riƙe hannunta ranar da ta cika, ina Duwala. Ban ce na daina jin wannan a raina ba. Amma duk lokacin da na dawo tana raye, sai in tarar ta ajiye mini wani abu a ƙullin zane, ƙuli-ƙuli ko busasshen nama, wani lokaci har ya yi tauri don jira. Na daɗe kafin na gane accar ke nan. Ba ta taɓa yi mini alkawarin za ta sauke goyo ba. Hanya kawai take watsa wa abinci, kuma ban taɓa dawowa na tarar ba ta watsa ba.

Bara a gidan Dauda muka yi Kirsimeti, a Unguwar Boro. Matata ce ta raba kaza. Ta tsamo ƙundu, ta wuce ni, ta sa wa jikanmu mai haƙora huɗu a hannu, ta ce, "Karɓi, maigida." Dauda ya dube ni da furfurarsa, ya kasa riƙe dariya.

"Yaya, in sa a kawo maka turmi?"

Na ce a'a. Na matsa kusa da yaron na zauna, inda ba sai ya yi tafiya mai nisa ba.