Rabin Maganar Baba

Wata Asabar ta damina, shekarar da na shiga aji huɗu, Mama ta tsame hannuna daga ruwan wanke-wanke, ta ce in sa takalmi, za mu je mu ji muryar Baba. Yana kwance a asibiti a ƙasar Larabawa, inda ya tafi aikin gini. Na bar yaran gidanmu na Unguwar Kanawa suna 'yar gala-gala, muka taka cikin taɓo har Malali, zuwa wani shagon intanet da ake kiran ƙasar waje da araha.

Ɗaki biyu ne shagon. Na ciki mai sanyi, na 'ya'yan manya masu sauke finafinai. Na waje namu, benci ne da fanka mai kuka. Ta wani ɗan akwati mai ƙyafta fitilu intanet ɗin ke shigowa, kuma mai shagon, Oga Bala, ya saita shi yadda saƙon 'yan ciki zai fara wucewa, namu ya bi layi. In layin ya cika, abin da ya zo daga baya zubar da shi akwatin yake yi. Da bakinsa yake faɗa, har da dariya: "Akwati ne fa, Hajiya, ba rumbu ba."

Mama ta manna mini abin sauraro a kunne ɗaya, ta riƙe ɗayan. Muryar Baba ta zo a gutsuttsure. "Ki gaya wa Ladi," ni ke nan, sai shiru, sai tari, "kar ta," sai shiru. Mama ta miƙe tana roƙon Oga Bala ya sakar mana hanya ko na ɗan lokaci, mutumin ba shi da lafiya. Ya leƙa ciki, ya dawo ya ce wani yaro ya kusa gama sauke fim, mu jira. Kai, mugu! Fim ai yana iya jira, murya ce ba ta iyawa. Kafin fim ya sauka an karɓe wayar daga hannun Baba. Ranar Talata aka aiko ya rasu.

Bayan sadakar uku na sulale na koma ni kaɗai, na tambayi Oga Bala ko sauran maganar tana cikin akwatin. Ko ɗago kai bai yi ba. "Tun ranar aka zubar, yarinya. Matsa, kin tare ƙofa." Wallahi na tsani mutumin nan, kuma har yau ban huce ba.

Yanzu 'ya'yana suna hira da kawunsu da ke ƙasar waje ta waya fuska da fuska, ko numfashi ba ya ɓacewa, har su gaji su kashe. Ni kuwa na girma ina cike maganar da kaina: kar ta bar makaranta, kar ta ɓata wa uwarta rai, kar ta manta da ni. Duka na kiyaye, don ban san wacce ba ce.