Riga Mai Lamba Uku

Ranar da ɗana ya fara shigo da ƙwallon nan gida, na ɗauka mota ce ta taka ta. Doguwa kamar gwanda. Ya ce haka aka yi ta, zari-ruga ake yi da ita, su kuma ragbi suke cewa. Tuƙi yake wa wasu mutane a Abhur, bakin tekun Jidda, a can ya ga ƙarti suna turereniya a kan yashi, suka ga faɗin kafaɗarsa suka yafuto shi. Duk Juma'a sai ya dawo unguwarmu Kurayyat da kunne a kumbure yana ƙyaƙyata dariya. Ban hana ba.

Ni ɗinki nake yi. Da ƙungiyarsu ta yi sababbin riguna, sai suka ce ni zan ɗinka musu sunaye a baya. A al'adarsu ba a sa sunan yanka. Abokai ne ke laƙaba wa kowa nasa, kuma ba a musu. Ɗana ya kawo riguna goma sha biyar da takarda, ya ce in kwaikwayi haruffan kawai, kamar zanen hula. Ya manta shekara biyu na yi ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da wata 'yar Nijar ta buɗe mana a falonta.

Na sa tabarau na bi da yatsa. Larabci ne da haruffan boko. Akwai Tallaja, wato firij, akwai Himar, wato jaki, har na yi dariya ni kaɗai. Na zo lamba uku, ta ɗana. Sau biyu na haɗa baƙaƙen. Takruni.

A Jidda aka haife ni, a Jidda aka haifi uwata. Da wannan kalma ake jifan baƙar fata a nan, kuma an jefe ni da ita a kasuwa, a layin asibiti, a bakin yara da manya. Kullum sai in gyara mayafi in wuce. Da ɗana ya shigo na nuna masa takardar.

"Umma, wasa ne fa," in ji ɗana. "Kowa da nasa. Wani Jaki ne ma."

"Shi Jakin, an taɓa hana uwarsa hayar gida don jaki ce?"

Na tambayi wanda ya zaɓa. Amininsa ne, wani Balarabe ɗan unguwar Aziziyya da suka tashi tare tun firamare.

"Idan na ƙi, za su ce ba na ɗaukar raha. Halas, shi ke nan, Umma, ki ɗinka."

Na ɗinka goma sha huɗu tsaf. Ranar Juma'a na ce da ni za a je. Muka kama hanyar Abhur.

A bakin fili na buɗe jaka ina kira ɗaya bayan ɗaya. Firij ya zo, kuma wallahi firij ɗin ne. Suna ta shewa, suna sumbatar kaina. Ta ƙarshe na miƙa wa aminin ɗana, tare da allura da zare da haruffa bakwai da na yanka.

"Khala, wannan ai ba tawa ba ce," in ji shi. Khala suke ce mini, wato inna.

"Na sani, ɗana. Kai ka zaɓi sunan, kai za ka ɗinka. Zauna nan kusa da ni, zan riƙe maka."

"Wallahi khala, mizah ne, wasa ne! Shi ma bashin tsiya yake ce mini... tambaye shi!"

"Na ji. To ɗinka."

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Ya tsuguna, ƙato guda, yatsu duk filasta, yana neman kafar allura. Jaki ya ce, "Yalla ya tela!" Mutum biyu suka yi dariya, suka ga su kaɗai ne, suka bari. Ya jera haruffan a kan rigar, ya karanta su, ya ɗago ya dube ni. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ba zan iya ba, khala."

"Ni ma ban iya ba."

Ɗana ya fizge rigar ya zura, lamba ce kawai a bayanta. Aka busa usur. A wasan nan dole lamba biyu da lamba uku su rungumi juna su sunkuya su tura, kuma aminin nasa ne lamba biyu. Na ga sun ɗan tsaya kafin su haɗa kafaɗa.

Da muka kusa gida ɗana ya juyo gare ni. "Umma, kin ba ni kunya a gaban maza."

"Na ba ka. In an sake kawo mini, in sake."

Kwana uku yana kumbure-kumbure. Sun yi ta kawo wasu sunayen, ya ce a bar masa bayansa haka. Har yau da ita yake shiga fili.