Goyon Ɗan Fari a Dutsen Kufanmu

Ɗan farina ban taɓa kama sunansa ba, ban kuma taɓa zama na yi hira da shi ba. Haka muka taso muka tarar. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Yau ga shi da furfura a gemu, yana koyarwa a Islamiyya a Gwarzo, amma in ya zo gaishe ni a Kutama daga bakin ƙofa yake tsugunawa, ni kuma in amsa ina kallon bango.

To, bara bayan an yanke dawa saƙo ya zo daga wajen Dugabau, wai za a fara fasa dutsen kufanmu, inda aka haife ni. Mai unguwa ya ce duk mai kabari a gindin dutsen ya zo ya nuna a kewaye, kada motocin tsakuwa su bi ta kai. Mahaifina, Malam tsoho, yana can, waɗanda suka binne shi kuwa duk sun bi shi. Ni kaɗai na rage. Autana da ya saba kai ni unguwa ya tafi ci-rani. Sai ga ɗan farin nawa da safe a kan babur, ya ce wa ƙanwarsa ta gaya mini ya zo. Na ce ta gaya masa na ji.

Na zauna can ƙarshen kujera, na sa ƙullin dambu a tsakaninmu, na damƙe ƙarfen kariya ta baya. In ina da magana sai in yi wa iska. In ce a rage gudu, ba gobara za a kashe ba. Shi ma ya amsa wa iskar, ya ce an rage. A Kabo wani tsoho mai sayar da fetur, abokin wasansa, ya tambaye shi ina ya samo amarya. Na zuba wa tsohon ido har sai da ya tsiyaye man a kan takalminsa.

Da muka bar kwalta muka shiga burtali, na fara gane wurare. Ga ragowar ganuwa, ga ramukan marina sun cika da ciyawa, ga jeren duwatsun tsohon masallaci. Ko'ina sai ya tsaya ya ɗauki hoto da waya, ni kuma ina gaya wa iska ko na wane ne.

Muka isa gindin dutsen. Tsamiyar da na riƙe a matsayin alama an sare ta, ko kututture babu, ko'ina gona. Na zaga, na sake zagawa, ban gane komai ba. Sai na tuna ai ban taɓa tsayawa a bakin kabarin ba. Mata ba sa bin gawa. Ranar da aka kai shi, ina yarinya, daga saman dutsen na hango, wajen da muke shanya, kusa da gurabun niƙa. Daga can na san wurin, ba daga ƙasa ba. Gwiwoyina kuwa ko dokin ƙofa da ƙyar suke tsallakewa.

Ya dubi dutsen, ya dube ni. Ya cire hula ya ɗora a kan babur, ya tsuguna ya ba ni baya.

"Inna, ki hau."

Na ce wa dutsen, ashe karatu ba ya hana mutum rashin kunya.

"Ko ki hau ni, ko mota ta hau Malam tsoho," in ji shi.

Na hau. Yana haki, yana ta Bisimilla, ni ina ce wa iska a lura da santsi. Yaron da ban taɓa fita tsakar gida da shi a baya ba saboda idon mutane, ga shi ya goya ni a bainar ƙadangaru.

Yana sauke ni a saman dutsen na gani: duwatsu biyu da suka jingina da juna, kabarin a gabansu. Ya koma ƙasa, ina nuna masa da sanda. Na ce gabas, ya yi kudu. Na ɗaga murya na ce malami guda bai san alƙibla ba. Can ya durƙusa ya tona kaɗan da hannu, sai ga fasassun tukwanen da ake rufe kabari da su. Ya mayar da ƙasa, ya jera duwatsu ya kewaye, ya yi addu'a mai tsawo, ina amsawa daga sama. Ya kirawo mai unguwa ya gani da idonsa, sannan ya hau ya sauko da ni.

Muka ci dambu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. A hanyar dawowa babu ƙulli a tsakani, burtalin kuma duk ramuka ne, sai na riƙe gefen rigarsa. Ban sake ba sai da muka hango Kutama. Na ce duk wanda ya kai labarin nan gida, ni da shi ne.

Bai kai ba. Da ƙanwarsa ta tambaye shi me ya sa yake tafiya a karkace, cewa ya yi wani buhu ya ɗauka, mai faɗa.

Yanzu an yi wa wurin katanga. An ce mini motocin ta gefe suke bi.