Ba Kowane Bature Ne Taubashinka Ba

Ban taɓa mantawa da safiyar da aka karɓe katin aikina a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib da ke Doha ba, saura kamar wata guda a fara gasar kofin duniya. Ku da kuka zo daga baya kuna cewa Malam Sa'idu ba ya wasa a bakin aiki. A da ina yi, har ya yi yawa. Bakina ne ya kusa mayar da ni Zariya ba shiri.

A lokacin ni sufabaiza ne a wani kamfanin tsaro, da masu gadi goma sha biyu a ƙarƙashina. Sama da ni akwai manaja, wani Bature ɗan Ingila mai suna Mista Kolin, wanda muka yi shekara biyar tare. Bai taɓa yabona ba. In na zo da wuri sai ya dubi agogo, fuska a murtuke, ya ce, "Sa'idu, korarka aka yi daga gida?" In na rubuta rahoto mai kyau sai ya tambayi wanda ya rubuta mini. Kansa ma bai ƙyale ba, yakan ce an turo shi Doha ne don mutanen garinsu su huta. Kuma ba ya ko murmushi in yana faɗa, kai ne za ka nemo dariyar da kanka.

Da farko abin ya dame ni, har na kai kuka wajen Bala, wani direba Bakano da muke ɗaki ɗaya. Bala ya ce, "Kai dai Bazazzagi ba ya wayewa. Ni me nake yi maka kullum? Mutumin nan taubashinka ne." Sai kaina ya waye. Yadda Bakano ke tsokanar Bazazzagi, haka Kolin yake yi da wanda ya yarda da shi. Wanda ba ya so, ladabi yake yi masa har ka tausaya wa mutum. Na fara ramawa, ina ce masa shayin da yake sha ko akuya ba za ta sha ba. Da korona ta kwantar da ni aka killace ni, kullum sai saƙonsa ya shigo: "Kada ka mutu, cike takardun da wahala." Wallahi wannan saƙon ya fi mini maganin da ake ba ni.

A 2022 kamfani ya samu kwangilar kula da taron jama'a a Mushairib, inda layukan jirgi ke haɗuwa. Aka ɗauko mana ƙwararre daga Amurka, Mista Randi, don ya horar da mu. Shi barkwancinsa daban ne. Labari yake kawowa mai tsawo, ya miƙe tsaye yana kwaikwayo, ya riga kowa fashewa da dariya, a ƙarshe ya dafa kafaɗar wani ya yabe shi. Ranar farko ya ba mu labarin yadda korona ta ɗora shi a kan injin numfashi na tsawon makonni. Ya kwaikwayi kukan injin, ya ce da ya farfaɗo gasasshen nama ya fara tambaya kafin matarsa. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na ce a raina, wannan ma ɗan gida ne, tunda da hannunsa ya buɗe ƙofa. A wajena Bature Bature ne.

Ana nan sai aka shirya atisaye. Tsarinsa shi ne a kashe matakala mai tafiya kamar wuta ta ɗauke, ma'aikata su fito daga hawa na can ƙasa zuwa titi da ƙafa, ana duba agogo. Mu kusan talatin ne. Ina tsaye a sama da rediyo a hannu, sai na hangi Randi ya zauna a tsakiyar matakala, ya riƙe ƙarfen gefe, fuskarsa ta yi ja. Na ɗaga murya na ce, "Oga Randi, injin naka za a sauko maka da shi, ko gasasshen naman?" Na kuma kwaikwayi kukan injin yadda ya yi mana. Wuri ya kaure da dariya. Ya ɗaga hannu ɗaya, na ɗauka taya ni yake yi. Can ya miƙe, ya hawo a hankali, ya wuce ni ya fita.

Washegari Madam Rima, mai kula da ma'aikata, ta zo da kanta. Ta ce an shigar da ƙara a kaina kan wulaƙanta mutum saboda larurarsa, in ba ta katina, in zauna a gida kwana uku. Ga wanda bai san tsarin ba, bayan dakatarwa ana zaman bincike, kuma hukunci uku ne: gargaɗin baki, gargaɗi a rubuce, ko sallama. Kamfanin shi ne kafil ɗina, wato mai tsaya mini, takardar zamana a ƙasar a kansa take. In suka sallame ni da irin wannan laifi, ban ga wanda zai ɗauke ni ba, sai dai in haɗa akwati.

Kwana ukun nan na ji jiki. Abinci ya ƙi shiga. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in ɗauka daga ofis ne. Hadiza, matata, ta kira daga Zariya tana tambayar me ya sa nake ɗaki da rana, na ce hutu aka ba mu. Abin da ya fi tsorata ni shi ne Bala. Tun da na gaya masa bai ƙara ce mini Bazazzagi ba, sai "Sannu, Malam Sa'idu." In Bakano ya fara yi maka ladabi, to, magana ta lalace.

Aka yi zaman a ofishinmu na Al-Sadd, ni da Madam Rima da Kolin da Randi. Na yi bayanin taubasantaka iya ƙoƙarina, na ce a wajenmu tsokana alamar ƙauna ce. Madam Rima ta ce, "Ke nan a ƙasarku kowa yana iya tsokanar kowa?"

Na ce, "A'a, ranki ya daɗe. Gado ne. Kowa ya san abokin wasansa. Ni ba zan yi wa Basakkwace abin da nake yi wa Bakano ba."

Ina rufe baki na ji na kama kaina da kaina. Dokar tamu ce, na san ta tun ina yaro, kuma ni na karya ta.

Aka juya kan Kolin. Ya gyara tabarau ya ce, "Laifina ne, shekara biyar ina lalata shi. In kun kore shi kuma sai in fara aiki da kaina, ba na jin kamfani zai iya jurewa." Ba wanda ya yi dariya. Shi ma sai ya sauke murya ya ce bai taɓa samun sufabaiza kamata ba. Ranar na fara jin yabo daga bakinsa, kuma bai yi mini daɗi ba.

Randi ne ya yi magana a ƙarshe, ba kwaikwayo, ba ɗaga murya. Ya ce, "Labarin injin nan nawa ne. Ina ba da shi ne in riga mutane, don kada su tausaya mini. In na gama, na rufe shi. Amma ba wannan ya sa na rubuta takarda ba. Ranar nan numfashina ne ya ɗauke da gaske. Na ɗaga hannu ina neman taimako, mutum talatin suna dariya, ba wanda ya sauko. Nan da wata guda dubban mutane za su bi matakalar nan. In wani ya zauna kamar yadda na zauna, me za ka gani, Sa'idu?"

Kunya ta rufe ni har na manta da tsoron kora. Abin da na iya cewa kawai shi ne ya yafe mini.

Madam Rima ta tambaye shi hukuncin da yake nema. Ya ce ba kora ba. Aka ba ni gargaɗi a rubuce, wanda ya hana ni ƙarin girma a shekarar, ta miƙo mini katina ta ce, "Khalas," wato shi ke nan. Randi ya roƙi abu ɗaya, a tsayar da ni a kan wannan matakala har a gama gasa. A nan na tsaya. Na zaunar da tsofaffi, na kira wa wata mata mai ciki likita, na koyi kallon ƙirjin mutum kafin in kalli rigar ƙungiyarsa.

Har yau muna tsokanar juna da Kolin, amma sai an tashi aiki. Na gane shi tsokanarsa gayyata ce, jira yake ka rama. Randi kuwa in ya yi wa kansa dariya, so yake ka taya shi, ba ka karɓe masa labarin ba. Ban ce duk mutanen ƙasashensu haka suke ba, irin wannan kuɗin goro ne ya ja mini. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mai gadi idonsa aka ɗauka aiki, ba bakinsa ba. Ranar nan mutum yana shaƙewa taku ashirin a gabana, ni ina can sama ina jin daɗin an yi mini dariya.