Gardamar Baƙin Mai Tsakanin Baba da Amininsa

Mahaifina ya fi shekara ashirin yana sayar da baƙin mai a bakin titi a Wudil. Jikin rumfarsa akwai garejin amininsa, wani bakanike mutumin Utai da muka tashi muna ce wa Kawu. Kwano ɗaya suke ci da rana, tare suke zuwa masallaci. Duk direban da ya kawo mota juyen mai, Kawu kan tura shi rumfar Baba ya sayo man.

Ana nan aka fara kawo wani mai mai tsada da ake kira sintetik. Dillalin da ke kawo wa Baba kaya daga Kano ya ce masa wannan ba daga ɗanyen mai aka tace shi ba, haɗa shi aka yi a masana'anta tun daga tushe. Baba ya yarda, ya shiga tallata shi. Kawu kuwa ya murza shi a yatsa, ya shinshina, ya ce man da aka saba ne aka ƙara wa tacewa, aka sake masa suna don a ƙara kuɗi. Bai ce man ba shi da kyau ba. Sunan ne bai yarda da shi ba.

Da fari abin raha ne. Direbobi kan zauna a kan benci suna zuga su, su kuma suna yi suna dariya.

Ni a lokacin ina koyarwa a Lajawa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya rumfar, na tarar an taru ana wannan magana. Baba ya ce tunda ga malami ya zo, in duba musu a waya a huta. Na duba. Ashe su kansu masu yin man ba su daidaita ba. Akwai wanda ake haɗawa daga tushe, akwai kuma wanda daga ɗanyen mai yake, an dai tace shi sosai, kuma duka biyun suna ɗaya ake sa musu. Jarkar man da Baba ke sayarwa kuwa ba ta faɗi ko wanne ne a cikinta ba.

Na ɗaga kai na ga Baba yana kallona a gaban abokan cinikinsa. Sai na fassara musu rabin da ya goyi bayansa, na bar sauran.

Kawu ya ce, "Ɗana, iyakar abin da aka rubuta ke nan?"

Na ce masa iyakarsa ke nan.

Aka kwashe da dariya. Wani direba ya ce zamani ya wuce Kawu. Kawu ya miƙe yana goge hannu da tsumma, ya ce to, a ci gaba da sayar wa mutane suna. Baba ya ɗauka macuci ya kira shi.

Daga ranar sai gaisuwa kawai. Baba ya koma cin abinci a gida, Kawu ya daina turo direbobi. Sau da yawa na yi niyyar in faɗi gaskiya, kunya ta hana ni, nakan ce sai wani makon. Haka damina ta shige.

Da kaka Kawu ya faɗi a gareji, ɓarin jikinsa ya shanye, aka mai da shi Utai. Baba ya ce zai je dubiya in kasuwar Juma'a ta wuce. Ranar Alhamis aka aiko ya rasu.

Kwana uku Baba ya yi a wurin zaman makoki. A hanyar dawowa, ina ɗauke da shi a babur, na faɗa masa abin da na yi. Ya ce in tsaya. Ya sauka ya daɗe yana kallon gonakin da aka girbe.

"Da ka karanta duka," ya ce, "da dariya za mu yi mu tashi."

Bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce mu juya, matar Kawu ce ya kamata ta ji. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata komai. Ta ce ita ba ta san da wata maganar mai ba, Kawu bai taɓa kawo ta gida ba. Abin da ta sani, a kwanakin jinyarsa, duk sallamar da aka yi a zaure sai ya tambaya da ƙyar ko Baba ne.