Tarihin Malam Mas'udu Audi, Wanda Ya Ajiye Rijiyar Talatu a Cikin Zane

Haihuwa da asali

An haifi Malam Mas'udu Audi da daminar shekarar 1971 a Rijiyar Talatu, wani ƙauye mai gida hamsin da 'yan kai da ke yamma da Mabai a ƙasar Ƙanƙara. Mahaifinsa Audi manomin dawa da masara ne, mahaifiyarsa Rakiya kuwa daddawa take yi. Rabin garin Musulmi ne, rabi Maguzawan da suka karɓi Kiristanci. Rijiya ɗaya ake sha, gona na manne da gona, kuma babu mai takardar gona ko mutum ɗaya, domin kowa ya san iyakarsa da itace da suri da layin gamba.

Karatu

Ya fara karatun allo a hannun limamin garin, sannan a shekarar 1978 aka sa shi firamare a Mabai. Ya wuce sakandare a Ƙanƙara a 1984, amma a aji uku ya bari. Ba kora aka yi masa ba, kuma ba talauci ba ne: shi ya ce ya gaji. Malamansa sun shaida cewa littafinsa na lissafi babu lissafi a ciki, sai hotunansu su malaman, kowa da irin tafiyarsa, har wanda aka zana ɗin ma yakan yi dariya kafin ya ɗauko bulala.

Sana'ar fenti da aure

Daga 1987 ya zauna Sheme yana rubutun allon shaguna da zanen jikin manyan motoci. Ya yi shekara goma sha tara a wannan sana'a, ya kuma yi suna da gwaninta da rashin haƙuri, domin idan direba ya ce a ƙara wa zaki haƙori sai ya ajiye buroshi ya ce a je a nemi wani. A 1996 ya auri Hafiza, 'yar Daudawa, kuma ita ce matarsa har ƙarshen rayuwarsa. A 2006 ya tafi Zariya ya yi wata goma sha huɗu a wani shagon kwamfuta, yana da shekara talatin da biyar, inda ya koyi yadda ake sa zane ya motsa ya yi magana.

Kafa shirin Mutanen Ɗanhausa

Bayan ya dawo Rijiyar Talatu da zama, a watan Agusta na 2009 ya fitar da kashi na farko na shirin katun mai suna Mutanen Ɗanhausa. Labarin wani manomi ne mai taurin kai, Ɗanhausa, da matarsa wadda ta fi shi baki, da jakinsa Kwamishina, wanda ba ya zuwa aiki sai an yi masa alkawari. Kowane kashi minti bakwai ne, kuma duk sati biyu ake fitar da sabo. Da farko ta memori yake yawo, daga shagon cajin waya zuwa wani, daga Ƙanƙara zuwa Faskari zuwa Sabuwa. Daga baya ya hau intanet har mutanen Nijar suka san Kwamishina.

Su biyar ne a aikin. Mas'udu ke tsara labari, ya raba muryoyi, ya duba zane, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Hafiza ce muryar matar Ɗanhausa. Babban mai zanensa Zailani ne, mutumin Sabuwa, wanda hannunsa ya fi na Mas'udu sauri, kuma Mas'udu da kansa bai taɓa musa wannan ba.

Abin da ya bambanta shirin shi ne garin da ake wasan a cikinsa. Ba garin ƙirƙira ba ne, Rijiyar Talatu ce kanta. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, Mas'udu yakan zagaye garin da ƙafa da littafi a hannu, yana ƙirga taku tsakanin itace da itace, tsakanin suri da hanya, yana rubutawa. A 2013 ya sa aka goge aikin kwana tara saboda Zailani ya matsar da ɗorawar gonar wani dattijon garin, Baba Nasara, daga dama zuwa hagu don hoto ya yi kyau. Abin da ya ce masa a gaban kowa shi ne: "Wa ya ba ka izinin tada ɗorawar Baba Nasara? Kai ka shuka ta?" Gaskiya dai a faɗe ta, aiki da Mas'udu ba daɗi. Bai iya yabo ba, bai iya ban haƙuri ba, kuma a shekara goma masu zane bakwai suka gudu suka bar shi.

Wuri ɗaya ne bai taɓa zanawa ba. Akwai hanyar da ta wuce tsohuwar tsamiya ta gabas. Duk lokacin da Ɗanhausa ko jakinsa suka kai tsamiyar sai su juyo. Bayan tsamiyar maƙabarta ce, kuma ya ce ba wurin wasa ba ne.

Tashin gari da shekarun zargi

Da daminar 2020 'yan bindiga suka matsa wa yankin, mutanen Rijiyar Talatu suka watse gaba ɗaya, wasu Ƙanƙara, wasu Funtuwa, wasu ba a san inda suka nufa ba. Mas'udu ya kwashe iyalinsa da kwamfutoci ya koma Ƙanƙara. A nan ne sunansa ya shiga hatsari, domin ya ƙi canza komai a shirin. Gari ya zama kufai, amma a katun ana nan ana jan ruwa a rijiya, ana rigima a kan kaza.

Zargi ya yi yawa, kuma ba duka ne na banza ba. Masu sharhi suka ce shirin ya tsufa, shekara goma sha ɗaya jaki ɗaya, dariya ɗaya. Wasu suka ce yana rufe ido ga halin da ake ciki. Wani kamfani da ke tallafa wa shirin ya nemi a mayar da Ɗanhausa birni, da aka ƙi sai ya janye. A 2021 Zailani ya bar aiki, bayan ya ce masa: "Malam, garin nan fa babu shi. Ƙarya muke zana wa mutane." Amsar Mas'udu gajera ce: "Mutane suka fita. Ni ban ga wanda ya ɗauki garin ya tafi da shi ba."

Ya ci gaba da mutum biyu, daga baya shi kaɗai da Hafiza. A ƙarshen wannan shekarar, lokacin da aka rufe layukan waya a yankin, direbobi yake ba memori su kai ƙauyuka, kamar yadda ya fara. Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda suka ce shirin ya lalace, kuma ya faɗa a bainar jama'a. Har yau yana nan a kan cewa shirye-shiryen 2022 ba su da dariya sosai. Amma abin da bai lura da shi ba shi ne, 'yan gudun hijirar garin ba dariya suke nema ba. Tsayar da hoton suke yi, su nuna wa juna ƙofar gidansu.

Komawa gida

A watan Fabrairu na 2025, da abubuwa suka ɗan lafa, gida ashirin da uku suka koma. Damina biyar ta rushe katangu, gobara ta cinye gamba, masu gawayi sun sare itatuwa. Babu wanda ya gane iyakarsa. Rigima mafi tsanani ta tashi tsakanin Alheri, 'yar Baba Nasara wanda ya rasu a Funtuwa, da maƙwabcinsu Nasir, wanda ya rantse cewa gonarsa ta kai har bakin rafi. Dattawan da za su yi shaida duk sun rasu. Alheri ba ta da takarda, ba ta da ɗan'uwa namiji, kuma saura kaɗan gonar ubanta ta fita daga hannunta.

A gaban mai unguwa ta ɗauko wayarta ta buɗe kashi na tamanin da takwas, wanda Kwamishina ya shiga gona ya ci wake, ta ce: "Ranka ya daɗe, ku bar jakin, ku dubi bayansa." Ga ɗorawa a hannun dama, ga suri, ga wani faffaɗan dutse mai tsaga. Aka aika Ƙanƙara aka karɓo littafin Mas'udu, domin shi a lokacin yana kwance da ciwon ƙoda. Aka share ciyawa aka samu dutsen, aka ƙirga taku goma sha tara kamar yadda littafin ya nuna, sai ga kututturen ɗorawar nan da aka goge aikin kwana tara saboda ita. Nasir ya dubi kututturen ya ce: "Wallahi na ɗauka gaskiya gare ni. Ki yafe mani." Kafin ƙarshen Maris an fitar da iyakar gona talatin da ɗaya ta wannan hanya, ba tare da an je kotu ko an zare sanda ba.

Zailani ya zo daga Sabuwa ya durƙusa a gaban gadon Mas'udu yana neman gafara. Mas'udu bai bar shi ya gama magana ba, ya ce: "To ka tashi, kashi na ɗari uku da saba'in da ɗaya bai ƙare ba." Zailani ne ya ƙarasa shi, kuma shi ne na ƙarshe.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Mas'udu Audi rasuwa da safiyar Litinin, 14 ga Afrilu 2025, daidai da 16 ga Shawwal 1446, a gidansa na Ƙanƙara, yana da shekara hamsin da huɗu ba 'yan watanni. Ya bar wasiyya a rufe shi kusa da mahaifansa. Da aka isa garin da gawa, daji ya rufe maƙabarta, tsamiya kuma an sare ta. Sai Zailani ya buɗe shirin, aka bi hanyar gabas kamar yadda Ɗanhausa ke bin ta, har aka zo inda kullum yake juyawa. Ga kututturen tsamiya. Daga nan babu sauran zane, sai jama'a suka wuce gaba da ƙafa, suka tarar da kaburbura. Nasir ne ya fara haƙa. Alheri da matan unguwarsu suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa daga rijiya suka ajiye a gindin kututturen. Bayan sallar Azahar aka rufe shi a wuri ɗaya tilo da bai taɓa zanawa ba.

Ya bar matarsa Hajiya Hafiza da 'ya'ya huɗu: Kamilu, Fatimatuzzahra, Rukayya da Salahuddeen. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa.